Bazazzagi Ya Sayi Ofis, Ya Sa a Aljihu

Bawana, ubangidanka na gaishe ka. Yi zamanka, na yafe maka durƙuson yau, tunda na ji an ce akwai kaya a cinyarka. Labari ya iso Kano tun kafin ka gama yage leda: wai ka sayi laftof. Kai ka ce laftof, waɗanda suka gani da idonsu kuwa suka ce 'yar mitsila. To, Allah Ya sanya alheri, Ya sa rai aka yi wa. Ni ba sayen ne ya ɗaure min kai ba. Abin mamakin shi ne Bazazzagi ya zura hannu a aljihu, ya ƙirgo kuɗi, ya miƙa wa wani, kuma ya koma gida da ƙafarsa ba a yayyafa masa ruwa ba.

Kuma a ina ka saya? Ka tsallake PZ, ka tsallake Samaru, ka hau mota a Kwangila, sai Beirut Road ta Kano. Duk bokon da kuke cika mana baki da shi tun 1962 da aka dasa muku jami'a, in aka zo maganar abin da ake taɓawa da hannu, dole a dawo gidan iyayengiji. Ba gori nake maka ba, Farfesan Kwangila, tuni ne kawai.

Ka kira ni kana karanto min abin da aka rubuta a kwali, har da gyaran murya: fuska inci 11.6, nauyi kilo ɗaya da 'yan kai, Celeron N4020, RAM giga 4, ma'aji giga 64. Ka rufe da cewa, "Wallahi kwamfutan nan ya yi." Na ce maka kwamfuta dai mace ce, amma na san a garinku ba a wahalar da kai wajen bambance wannan. Mu bar shi nan, kada dangi su ji.

Bari in ba ka tarihin abin da ka ɗauko, tunda ku masu digiri ba ku tambaya sai an gama ciniki. Wannan dangin na'urori ba yau suka fara ba. A 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fito da wata mai suna Eee PC, fuska inci 7, ma'aji giga 4 kacal, ana sayar da ita dala 399 a Amurka. Duniya ta ruɗe, kowane kamfani ya shiga yin tasa. A wannan zamanin ne kuma ake ta hayaniyar koriyar kwamfutar nan ta yara, wadda Nicholas Negroponte ya yi alkawarin za ta zo a dala 100, har aka gwada ta a wata firamare a Galadima ta Abuja. Ba a jima ba iPad ta fito a 2010, wayoyi suka ƙara girma da wayo, kasuwar 'yan mitsilolin ta faɗi, zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer duk sun daina ƙera su. Taka jikarsu ce. Ta fi kakanninta ƙarfi nesa ba kusa ba, amma halin gidan yana nan: arha, sauƙin ɗauka, da rashin son a matsa mata. Sunan Celeron ɗin ma da kake furtawa da ƙarfi don maƙwabta su ji, Intel ta yi masa ritaya a laftof tun 2023. Ka ga ka auri 'yar gidan da aka riga aka raba gado.

Na gan ka da ita ranar sunan nan na Tudun Wada, kada ka ce ƙage ne. Ana tsakiyar cin waina ka ɗaga hannun babbar riga, ka zaro ta daga aljihun gaba, ka ɗora a gwiwa, ka ce a yi maka uzuri akwai saƙon gaggawa. Yara suka yanyame ka. Wani ɗan ƙarami ya leƙa ya ce, "Baba, sa mana katun." Ka danna, ka jira. Ka gyara hula, ka jira. Ɗigo-ɗigon nan suka yi ta zagaye a fuskarta, tana cewa kada a kashe ta, tana sabunta kanta. Kafin ta sake ka an shafa fatiha, an raba goro, mai jego ma ta ji sunan ɗanta. Da ta buɗe kuma sai yatsun nan naka na ɗan dambe suka hau madannai, ka nufi harafi ɗaya biyu su fito, ka goge, uku su tafi. Saƙon gaggawar da muka leƙa muka gani kuwa, sanarwar taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce, layi huɗu.

Amma fa ba zan ci amanar 'yar mutane don in ƙuntata maka ba. Tana da abin yabo, kuma ba kaɗan ba.

Na farko, nauyi. Wanda ya taɓa saɓa laftof mai inci 15 da cajarta a jaka, ya hau acaba daga Kongo zuwa Samaru, ya san kilo biyu da rabi ba wasa ba ne a kafaɗa. Taka kuwa tana shigewa tsakanin littattafai, ko ɓarawon tasha ba zai san da ita ba, in ma ya gani zai ji tausayinka ya bar maka. A jirgin Rigasa zuwa Abuja tana zama daram a ɗan teburin nan ko a cinya, ba ka zunguri na kusa da kai da gwiwar hannu ba.

Na biyu, wuta. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta wat 6 aka tsara mata, abin da bai kai cin ƙwan fitilar ɗakinka ba. Shi ya sa batirinta ke daɗewa in rubutu da karatu kawai ake yi, kuma ɗan ƙaramin sola ya ishe ta. A ƙasar da ake kawo wuta a ɗauke kafin ka lalubo soket, wannan ba ƙaramar daraja ba ce. Duba gefenta, in tana karɓar caji ta ramin USB-C, to fawa banki mai ƙarfi ma zai iya tashinta. Ba duka ke yi ba, don haka ka gwada kafin ka je kana yi wa mutane alkawari.

Na uku, ba ta da fanka. Ba ƙara, ba ta zuƙar ƙurar hunturu ta tara a ciki. Sai dai kuma in bazara ta kankama, ka ɗora ta a kan katifa, zafi zai taru, ita kuma dabararta ɗaya ce: ta rage gudu don ta huce. Wato in ta ji wuya sai ta yi sanyi ta ƙi motsi. Ban ce ta yi kama da kowa ba.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa. Kai da ka ji giga 4 da giga 64 sai ka ɗauka duk abu ɗaya ne, lamba ce dai. To, ɗauki mai shayin bakin layinku. RAM shi ne teburinsa, ma'aji kuma shi ne akwatin da yake kulle kaya da dare. Komai cikar akwati, abin da tebur ya ɗauka shi kaɗai ake aiki da shi a lokaci guda. Naka teburin, Windows 11 ta riga ta baje kayanta a fiye da rabinsa kafin ka ce bismillah, don giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Microsoft ta yarda a ɗora ta a kai. Sai ka buɗe Chrome da shafuka goma sha, ga WhatsApp, ga Word, ga Zoom kana so a ga sabuwar hularka. Dole ta riƙa sauke wannan ta ɗora wancan, kai kuma kana zaune kana kallon linzami yana juyi kana cewa network ne.

Akwatin ma haka. An rubuta 64, in ka duba ba za ka ga ya kai 60 ba, sannan Windows da sabunce-sabuncenta su kwashe kaso mai tsoka. Ragowar ba za ta ɗauki bidiyon walimar digirinka ba, wanda na san sai ka ajiye shi kashi uku. Kuma irin ma'ajin da ake sa wa waɗannan masu arha eMMC ne, ɗan'uwan memorin waya, ba SSD ba. Ya fi SSD nawa, kuma a like yake da allon ciki. RAM ɗin ma galibi a like yake. Ma'ana, yadda ka saye ta haka za ku tsufa tare. In ka kai wa mai gyara ka ce ya ƙara mata ƙarfi, zai ƙara maka haƙuri ne kawai.

Fuskar kuma 1366 a 768 ce. Wasiƙa, takardar jarrabawa, karatun PDF, duk lafiya lau. Amma ranar da ka buɗe Excel za ka shigar da makin ɗalibanka, aji guda da darussa tara, za ka yi ta ja dama ka dawo hagu har ka ba ɗan wani makin ɗan wani. Ga idon nan naka da tabarau ke riƙe da shi. In abin ya yi tsanani, akwai ramin HDMI a gefe, jona ta da talabijin ɗin falo, in uwargida ta yarda ta bar kallon fim.

Da ka tambayi ubangidanka kafin ka biya, da na ce ka tsaya ka auna. A wannan layin da ka je akwai na hannu, 'yan Landan, irin ThinkPad da Latitude da ofisoshin Turai suka sallama, masu inci 12 ko 13, RAM giga 8, da SSD na gaske. Sun fi taka gudu, madannansu sun fi daɗin yatsa. Su ma da nasu aibin: batir ya sha jiki, sai ka gwada shi a gaban mai shago, ka danna kowane harafi, ka buɗe ka rufe marfin ka ji ko gaɓar ta saki. Sannan ka tabbata ƙwaƙwalwar Intel ce zubi na 8 ko sama, domin galibin na ƙasa da haka ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ita kuma Windows 10 an daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Akwai kuma Chromebook, mai arha da kyan gani, amma rabin ranta a intanet yake, kai kuwa data ta naira ɗari kake saye kana kashewa tsakanin saƙo da saƙo. Ba ka tambaya ba. Bazazzagi ya tambayi Bakano? Ai gara ya ɓata a daji da taswira a hannu.

Tunda aikin gama ya gama, ga abin da za ka yi, kuma kyauta na ba ka, ka rubuta a tarihi. Sayi memori ka cusa a ramin gefe, hotuna da bidiyo su koma can. Kashe tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita in an kunna. Shafi uku ko huɗu ya ishe ka a Chrome, ba kai ke tafiyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Bar ta ta yi sabuntawarta da dare a gida, ba a gidan suna ba. Shiga wajen harsuna ka ɗora madannan Hausa, Windows tana da su, don ka daina rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya kana ɗora wa na'ura laifi. Kundin digirin nan naka da ya ƙi ƙarewa, ajiye kwafinsa a filas da kuma imel, domin in allon ciki ya mutu, da ma'ajin zai tafi. In kuma wata rana ta gaji da Windows gaba ɗaya, nemi yaron da ya iya ya sa mata Linux mara nauyi, za ka ga ta warware.

Hukuncina? Na'urar ba ta yi ƙarya ba. An yi ta don mai rubutu, mai karatu, mai yawo, wanda aljihunsa bai cika ba. Ɗalibi mai koyon danna kwamfuta kafin JAMB, sakataren ƙungiya, malamin makaranta mai shirya darasi, duk za ta yi musu hidima har su gode. Wanda zai haɗa bidiyo, ko zanen gini, ko wasan ƙwallo na kwamfuta, ya nemi wata. Kai kuma da na zauna na lissafa aikinka kaf, wasiƙa ce, da sanarwa, da dogon Turancin da ba mai karantawa. Ashe daidai kai aka yi ta. Fankamar ce kawai ta fi ƙarfin RAM ɗinta, wannan kuwa ko ta miliyan ka saya ba za ta ɗauka ba.

Na san yanzu kana huci, kana shirya raddi, za ka ce mu Kanawa ba mu san komai ba sai riba. Bismillah, fili naka ne, edita ya ce zai buga. Sharaɗi ɗaya: a kanta za ka rubuta, da yatsunka, ba ɗan maƙwabta ba. In ka fara yau, ina sa ran amsa kafin Muharram. Ka haɗo da kuɗin sharata na bana da na bara, kuma kada ka ce za ka turo ta kwamfuta. A hannu nake so.