Zaɓen Modem a Turba

A shekarun 1990, masu wasan kwamfuta a Amurka sun sha gardama kan modem. Wasu suka ce a sayi na waje mai akwatinsa. Wasu suka ce na cikin kwamfuta ya fi araha, ko da yake da yawansu kwamfutar suke ɗora wa aikinsu, wasa ya riƙa jan ƙafa. Duk rigimar nan a kan gudun da bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Kafin modem ɗin ya haɗu sai ya yi ta kururuwa kamar akuyar da aka kai kasuwa, kuma da wani a gida ya ɗaga tarho, shi ke nan, an harbe ka a wasan Quake kana tsaye.

Mu a Turba Allah ya hutar da mu wannan wahala. Modem ɗin igiyar tarho yake bi, igiyar kuwa ba ta san ƙofar gidajenmu ba. Yau yaron da ke buga wasan Free Fire a waya wuri mai sabis yake zaɓa: saman katanga, reshen darbejiya, ko tudun bayan gari, hannu ɗaya a sama, ɗayan yana korar ƙuda. A 2021 da aka katse layukan waya a Isa da Sabon Birni saboda matsalar tsaro, mai layin Nijar ya zama babban mutum, har dattawa na gaishe shi da "ranka ya daɗe".

Don haka duk mai neman shawara kan modem, ya fara sayen tsani.