Wai Mai Fenti Ma Har Ya Isa a Yi Rubutu a Kansa?

To, Baba Alhaji, na ga ka karkace baki tun daga kanun magana. Na san abin da ke ranka: shafe-shafe ne kawai, ko yaro aka miƙa wa burushi da gwangwani zai iya. Madalla. Gobe a ba ƙaramin jikanka ya yi maka ƙofar zaure, mu zo kallo.

Kafin nan, fito bakin titin Tambuwal, wannan da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, ka tsaya minti goma. Gingimari za ta wuce da zaki a gindinta, wata da ɗawisu ya baza wutsiya, wata da dagi da kalmar haƙuri. Tun daga nesa yaran tasha ke shaida motar wane ce, kuma babu wanda ya karanta lamba a cikinsu. Mutumin Kebbe da ya loda buhunan gero ma, in ya zo ba da labari, cewa yake yi "mai zakin nan" ya shiga.

Aikin yana da ciwon baya. Sai mai fenti ya kankare tsohon fenti, ya goge katako, ya shafa na ƙasa, ya jira ya bushe, sannan ya fitar da siffa da alli. Yana sirka fentin da kananzir, in ya yi ruwa ya zubo kamar hawaye, in ya yi kauri burushi ya ƙi tafiya. Ga hunturu: iska ɗaya ta ɗebo ƙura ta watsa wa ɗanyen aiki, zaki ya koma kamar mai ƙyanda. Abin da ke sa shi sammako ke nan, lokacin da kai kake juyi a gado.

Kuma sana'ar ta girme ka, Baba, ta girmi motar ma. Maginan da suna zana bango da yatsa tun ƙasa na ɗanya, su bi da makuba ta ɓawon ɗorawa, su yi laso da katsin marina da gashin jima da dafara don kada ruwa ya ci ginin. Farar ƙasa, jar ƙasa, daga baya bula ta shigo. Wanda ya taɓa zaga unguwar Birni a Damagaram, ko Tudun Wadan Zariya inda aka fitar da keke da takobi a fuskar gidaje, ya san ba wasan yara ba ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau ana zuwa kallon adon da ya bari. A shekarun 1970 an yi Musa Yola, mai zanen bango a ƙasar Zazzau, wanda wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, David Heathcote, ya bi aikinsa ya rubuta. Shi Heathcote ɗin ne ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Bature ya hau jirgi don abin da kai kake wucewa ba ka ko ɗaga kai.

Allah gafarta Malam, na hango ka kana gyaran murya kan hoton mai rai. Ba zan ja da kai ba, ni da ko Ahalari ban ƙare ba, balle a nan Tambuwal, garin Buhari ɗan Shehu. Tambaya ɗaya ce tawa: ranar saukar ɗanka, wa ya yi zayyanar allon da aka zaga dangi da shi? Ja da kore da ruwan ɗorawa, layi bisa layi babu karkata. Ko ka ce aljanu ne?

Hajiya kuwa ba ta da bakin magana. Ita ce ta sa aka sake fentin ɗakin amarya sau biyu, wai shuɗin bai dace da labule ba.

Wurin da mai fenti ya fi kowa wayo shi ne siyasa. A 2015 Aminu Waziri Tambuwal ya ci gwamna a APC, bangaye suka cika da tsintsiya. A 2018 ya koma PDP, aka kira mai fenti ya shafe tsintsiya ya zana laima, a kan bango ɗaya, aka biya shi sau biyu. Ku kuna ta musu a majalisa har jijiyar wuya ta tashi, shi yana wanke burushi.

Yanzu kun koma wa allon roba da kwamfuta ke bugawa, wai ya fi araha. Haka ne. Rana ta Afrilu ta dafa shi, iskar farkon damina ta yage shi biyu, sunan shago ya rage rabi yana lilo. Sai ga Baba Alhaji ya aiki yaro a kira masa mai shafe-shafen nan. Zai zo, Baba. Amma ya ce a tuna maka cikon kuɗin zauren bara.