Yadda Ake Cin Cakulan Da Sunan Neman Lafiya

Idan uwargida ta kama ka da cakulan bayan likita ya ce ka rage zaƙi, kada ka cusa shi a aljihu, zai narke ya tona maka asiri. Gyara zama ka ce, "Hajiya, jijiyoyin jini nake gyarawa." Ba ƙarya ce zalla ba. Ƙwayar koko na ɗauke da sinadarin filabanol, wanda a 2012 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yarda cewa miligiram 200 nasa a rana na taimaka wa jijiyoyi su riƙa buɗewa yadda ya kamata.

Daga nan sai ka ja bakinka ka yi gum. Kada tsautsayi ya sa ka faɗa mata cewa filabanol ɗin na tare da ɗacin koko ne, kuma ɗacin ne masana'antu ke kashewa tun ƙarni na 19, sannan su antaya sukari da madara. Wanda ke narkewa a harshe kana lumshe ido, an riga an tatse yawancin amfaninsa.

Saboda haka ka sayi baƙi, mai koko kashi 70 ko 85 a jikin takardarsa, ka ajiye inda kowa zai gani. Ɗacinsa sai ka ce namijin goro, yaron da ya ce "Baba, sam min" sau ɗaya ba zai sake ba. Mai madarar kuma, wannan tsakaninka da ƙasan katifa.

In ka haɗu da ɗan boko mai gardama a majalisa, jefa masa Dakta Franz Messerli, wanda ya nuna a 2012 cewa ƙasashen da suka fi cin cakulan sun fi kwasar lambar Nobel, Suwizalan na kan gaba. Kafin ya ce ai arziki ne ke kawo duka biyun, ka tashi alwala. Amma in ya ambaci binciken COSMOS na 2022, ka san ka gamu da gamonka: dattawa sama da 21,000 a Amurka, kuma ba cakulan aka ba su ba, ƙwayar magani mai sinadarin koko suka haɗiya, babu ko ɗigon zaƙi, sannan jimillar cututtukan zuciya ba ta ragu sosai ba.

Giram 100 na baƙin cakulan na da kalori kusan 600, don haka ɗan gutsure ya isa a rana. In ka cinye duka a dare guda, ka ce na mako ka haɗa.

Idan hujjoji suka ƙare, koma kishin Afirka: Kwaddibuwa da Ghana ke noma wajen rabin kokon duniya, manoman Ondo ma na jiran cinikinka. Ka dai danne wurin da aka rubuta Beljiyam a takardar cakulan ɗin da babban yatsa.