Mai Injin Ba Ya Kusa

Shatin ƙarfe na nan a damtsena har yanzu, agogona kuwa yana can Beaumont a cikin inji, don haka bari in rubuta tun abin da zafinsa.

Wani abokin aikina a nan Houston ne ya ce zai sayar min da injina uku, irin waɗanda ake zura wa dala su tofo lemo ko biskit. Kanti ne da ba ya barci, ba ya ba da bashi, ba ya rufewa don an yi rasuwa a unguwa. Aibinsu ɗaya, suna Beaumont, mil 85 gabas da mu a kan babbar hanyar I-10, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ya ce in gwada wata guda kafin in biya.

Uwargida ta ɗauko biro. Zuwa da dawowa mil 170. Hukumar harajin Amurka da kanta, a 2025, senti 70 take ƙiyasta wa kowane mil na tafiyar kasuwanci. Dala 119 ke nan ta tafi kafin in taɓa ko sisi. Ribar mako, in an cire kuɗin sari da kason masu wurin, dala 150 aka ce min.

"Maigida, dala 31 za ka je ɗaukowa, ka zubar da Asabar ɗinka a kan kwalta?"

Na ce da babu gara ba daɗi. Makon farko na je na liƙa wa kowane inji takarda mai lambar wayata: in inji ya ci kuɗinka, kira mai shi. Har hoto na ɗauka.

Asabar ta biyu na isa ɗakin hutun ma'aikata na wani sito, da katan biyu a hannu. Zafin Agusta na Texas ya riga ya mai da cakulan kunu a but ɗin mota. Na ajiye kaya, na laluba aljihu. Makulli yana Houston, a aljihun kaftanin da na sa Juma'a.

Mai hankali da sai ya juya. Ni kuwa na ce tunda na zo, bari ko gwada injin in yi. Sau uku yana tofo dalata, sai da na goge ta a cinya ya karɓa. Murɗaɗɗen ƙarfen ya juya, ƙullin gyaɗa ya taho baki, ya leƙo, ya tsaya. Gyaɗar da ni na saro, da dalar da ni na zura.

Ƙyauren da ke ƙasan irin wannan inji, in ka tura shi ciki, toshe hanyar sama yake yi, don maganin masu dogon hannu. Na san haka. Abokina ya nuna min, har na yaba wa basirar maƙerin. Duk da haka na durƙusa, na cusa hannu har kafaɗa, na lanƙwasa shi sama. Agogo ya sarƙe da wani abu. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

A haka wani tsoho mai hular kaboyi ya same ni, kumatu manne da gilashi, ɗuwawu sama.

"Ɗana, kuɗinka ya ci?"

Amsa biyu ce a gabana. In ce injina ne, ko in ce e. Na ce e.

Ya jawo kujera ya zauna, irin zaman wanda ya daɗe yana jiran a nemi shawararsa. Ya ce in sayi gyaɗa ta biyu, ita za ta turo ta farko. Na nuna masa da ido cewa hannun da zai zura kuɗin yana ciki. Ya ce to in fitar da numfashi duka, jiki zai saki. Na fitar. Ya ce a'a, kamata ya yi in ja numfashi. Ya ba ni labarin surukinsa da hannunsa ya taɓa maƙalewa a bututu, na tambaye shi yadda aka yi ya fita, ya ce ai ba ya wurin. Ya tashi ya daki injin da ƙugu ta hagu, wai nan ne lagonsa. Haƙorana suka haɗu, gyaɗa ko motsi.

"Sabon mai injin nan ɓarawo ne," in ji shi. "Dala biyu ya ci min ranar Laraba. Tsaya, ga lambarsa ma."

Ya sa tabarau. Ya karanta lambar ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ni kuma ina bin sa a zuci kamar mai biya karatu. Ya buɗe sifika don kowa ya ji, domin zuwa lokacin an kai mutum shida a ɗakin, kowa da abincinsa.

Wayata tana aljihun baya, wato wurin da ya fi ko'ina tudu a jikina a wannan lokacin. Kalangu ya tashi. Ni na zaɓi kiɗan nan da hannuna, don in riƙa tuna gida. Ban taɓa sanin tsawonsa ya kai haka ba.

"Ɗana, ana kiran ka."

"Ba kowa ba ne."

Kalangu ya yi shiru. Sai ga muryata daga wayarsa, da Turancina na Kano da ba ya ɓuya, tana gode wa mai kira, tana cewa mai injin ba ya kusa, a bar saƙo. Wannan wurin nake ta maimaitawa tun daga Beaumont har gida: ba ya kusa. Mutumin da rabinsa ke cikin injin.

Tsoho ya dubi wayarsa, ya dubi aljihuna, ya sunkuyo ya dubi fuskata ta jikin gilashi. Wata mata ta ajiye cokali. Ya gyara murya, idonsa cikin nawa, ya bar saƙo a hankali:

"Mai inji, ina bin ka dala biyu. Kuma akwai wani bawan Allah da ya maƙale a nan. In za ka zo, ka taho da makulli."