Zoɓo da Zabo: Jagorar Mai Shayar da Baƙin Kirsimeti a Dakoro

Maƙwabcina Mushe malamin makaranta ne, mutumin Tsibiri, kuma Kirista tun daga kakansa. Kowace ranar 25 ga Disamba, da sun taso daga majami'a, sai ya baza tabarmi a ƙofar gida ya tara mu, kamar yadda mu ma muke aika masa da cinyar rago ranar layya. Shekara da shekaru ina zuwa ina ci, ina tashi da ƙorafi guda: abinci ya yi, abin sha bai yi ba. Bara dai uwargidansa ta gaji. Ta leƙo zaure ta ce, "Malam, tunda harshenka ya fi na kowa sanin daɗi, bana abin sha a wuyanka yake." Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Na garzaya wurin ɗan yayata da ya taɓa aikin otal a Yamai. Ya ce, "Kawu, ai wannan sana'a ce guda a Faransa." Wai akwai mutum, someliye suke ce masa, ba ya girki, ba ya wanke kwano, aikinsa kawai ya zaɓa wa kowane abinci giyar inabin da ta dace da shi. Ya zuba kaɗan a kofi, ya juya, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar, wata ya ƙare a biya shi. Babbar ƙa'idarsu kuwa gajera ce: ja ta bi jan nama, fara ta bi kifi da kaza. Giyar dai ba mu da haɗi da ita, daga mu har gidan Mushe. Amma na duba da kyau, ban ga inda aka hana iyayin da ke tattare da ita ba. Shi na ɗauko, ga shi kuma zan raba muku kyauta.

Fara da ja, wato zoɓo. Faransawa suna da wata sabuwar giya ta yankin Bojole da ba a fitar da ita sai ranar Alhamis ta uku ta watan Nuwamba, a yi ta shagali wai ta bana ta iso. Mu ma a daidai lokacin ne yakuwa ke nuna, bayan hatsi ya shiga rumbu, sai dai mu ba ma buga ganga. To in ka je kasuwa kada ka ce "a ba ni zoɓo" kamar wanda aka aika. Ɗaure fuska, ka damƙi kaɗan daga tiya, ka kai hanci, ka tambaya, "Hajiya, na bana ne ko na bara?" Za ta ce na bana ne, ko da ya ga damina biyu a ɗaki. Kai ne za ka gane: na bana jansa ya yi duhu, yana da ɗan laushi a hannu, na bara kuwa ya koɗe, yana marmashewa, yana warin buhu.

Kada ka dafa shi kamar kana dafa ƙafar sa. Tafasa ɗaya ta isa, da citta da kanumfari, a sauke a bar shi ya jiƙa. Akwai masu jefa kanwa don ta kashe tsamin. Waɗannan ka bar su da Allah, domin tsamin nan shi ne dalilin gayyatar zoɓo wurin biki. Balangun rago ko na jar akuyar Maraɗi, in ya haɗu da iskar hunturu, kafin ka kai loma ta uku kitse ya daskare maka a ganɗa kamar an shafa kyandir. Tsami da ɗan baurin zoɓo ne ke wanke shi, bakinka ya dawo sabo, ka koma wa tire da ƙarfinka. Abin da someliye ke karɓar albashi a kansa ke nan, kakata kuma ta san shi ba ta taɓa zuwa lakwal ba.

Ƙanƙara kuwa ka bar ta sai watan Afrilu. Turawan ma ba sa sanyaya jarsu sosai, wajen digiri 16 zuwa 18 suke so. A Dakoro cikin Disamba, ka zuba a tulu ka ajiye a tsakar gida ya kwana, hunturu zai yi maka aikin firji ba tare da ka roƙi masu wuta ba. Ka dai rufe bakin tulun, in ba haka ba ka wayi gari da kunun ƙura.

Dole a samu wani baƙo, galibi wanda ya taɓa kwana biyu a birni, da zai taɓe baki ya ce zoɓo abin shan talaka ne. Kada ka yi fushi. Gyara zama ka sanar da shi cewa a Jamaika da Tirinidad, Kirsimeti ba ta cika sai da zoɓo, da cittarsa da kanumfarinsa kamar namu, kuma daga Afirka ta Yamma irin ya ƙetara teku zamanin cinikin bayi. Ka ƙara masa da cewa Meziko kwantena-kwantena take saye daga Kano da Jigawa. Daga nan za ka ga ya miƙo kofi, har yana cewa dama shi tun yana yaro yake sonsa.

Matsalar da ta hana ni barci ita ce zabo. Tsuntsu ne, don haka a ƙa'idar Faransa fari ya kamata ya bi shi. Amma yaga cinyarsa ka gani, naman ya fi na wata akuyar duhu. Na kai ƙara wurin ɗan yayata, ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, a otal ɗinmu kaza kawai ake yi." Na tuna akwai farin zoɓo, sai dai shi mata sun riga sun ɗaura masa aure da tukunyar miya. A ƙarshe na yanke hukunci da kaina, kuma ba a ɗaukaka ƙara: soyayyen zabo na lemun citta ne, mai zafin da zai sa ka yi tari ɗaya na ladabi. In kuwa zabon dahuwar romo aka yi masa a kan shinkafa, ba shi ruwan tsamiya da sukari kaɗan. Ka faɗi wannan da murya mai nauyi, kamar ka gada. Ba wanda zai tambaye ka hujja.

Fara ta gaskiya ita ce kunun aya, kuma a nan mu ne masu gida. Ayar da ake nomawa wajen Agye da Cadawa da Gazawa har Sifen take zuwa, inda mutanen Balansiya ke yin nasu kunun suna ce masa orcata. Ka haɗa shi da dabino da kwakwa, ka ajiye shi kusa da kilishi da tsire da duk abin da yaji ya yi wa yawa, shi ne mai kashe gobarar. Sai dai ka kiyaye abu guda. Su Turawa giyarsu tana ƙara daraja in ta tsufa, har sukan yi alfahari da shekarar da aka matse ta. Kunun aya ba ya lissafi da shekara, da awa yake yi. Wanda aka tace da hantsi, in ba sanyi, kafin magariba ya fara sauya hali. In ka murɗa murfin gora ka ji ta yi fus, kumfa ta taso, kada wani ɗan boko ya ruɗe ka da cewa ka samu shamfen. Ka zubar, ka nemi gafara. Za ka kuma lura magidanta suna ƙara kofi na biyu suna kallon gefe, saboda abin da ake faɗa game da aya da dabino. Kai dai zuba musu, ba a sa ka bincike ba.

Faransawa suna da wata magana da suke ji da ita, wai kowane abin sha yana ɗauke da ɗanɗanon ƙasar da ya fito, shi ya sa tun 1855 suka jera gonakin inabin Bordo daraja-daraja, kamar hakimai a gaban sarki. In haka ne, abin shan Dakoro fura ce, ko hura in ji mu. Garin nan yana wajen kilomita 120 arewa da Maraɗi, daf da kwarin Tarka, kusa da iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ta kiwo. Hatsi ya taso daga kudu, nono ya gangaro daga wajen Barmo da Gadabeji, su haɗu a ƙwarya ɗaya. Ba inda ya kai mu.

Amma fura ranar biki makami ce, ka san inda za ka nuna ta. Wanda ya sha ludayi goma kafin abinci ya gama Kirsimetinsa, sai dai ya bi nama da ido. Saboda haka in baƙi sun fi zabi yawa, fito da ita tun da wuri, da kauri, kana cewa, "Ku ɗan jiƙa maƙoshi kafin a sauke." In kuwa kai ne baƙon, ka ce likita ya hana ka nono kafin azahar. Tukuɗi, mai cuku da dabino, na surukai ne da manyan baƙi. Shi ba ya bin wani abinci, abinci ne ke ba shi wuri.

Saura ɗanɗanawa a gaban jama'a, wadda ita ce rabin aikin. Zuba kaɗan a kofin gilashi, ka ɗaga shi saitin rana, ka juya a hankali, ka lumshe ido. Sannan ka faɗi abin da ba mai iya ƙaryatawa: "Ina jin jigawar Kornaka a ciki, da ɗan hayaƙin kara daga baya." Abu ɗaya ne ba za ka kwaikwaya ba, tofarwa. Ka tofar da abin da matar gida ta kwana tana tacewa, to ka nemi wata unguwar. Kuma kada tsautsayi ya kai ka gasar rufe ido. A 1976 an yi irinta a Paris, aka ɓoye sunayen kwalabe, alƙalai Faransawa da bakinsu suka fifita giyar Kalifoniya a kan tasu. Ni ban ɗauki darasi ba. Na jera kofi uku na sa dattawa su zaɓa, biyu nawa, ɗaya na leda da wata yarinya ke sayarwa dala biyar a bakin tasha. Ba sai na faɗa muku wanda ya ci ba.

Lemun kwalba ka sayi kaɗan saboda yara, su ba ruwansu da jigawar Kornaka. Shayi kuma kada ka taɓa butarsa da hannunka. Kira saurayi ɗaya daga fadar unguwa, ka ba shi gawayi da sukari da ganye, ka ja gefe. Na fari mai ɗaci na samari ne, waɗanda dama ba su da niyyar barci. Dattijon da ya sha shi bayan la'asar zai kwana yana ƙirga azarar ɗaki, da safe kuma sunanka zai kira. Ba shi na uku, ka bi shi da ɓarin goro.

Ranar dai ta zo. Na jera tuluna da goruna bisa tsari, kowanne da abokin tafiyarsa, na tsaya a kansu da sabuwar hula. Zoɓo ya bi balangu, citta ta bi zabo, har wanda ya taɓa zuwa birni ya ƙara. Can sai mahaifiyar Mushe, tsohuwa mai shekaru, ta gama cin shinkafarta, ta yafuto ni. Na durƙusa ina jero mata abin da ke akwai, ja da fari. Ta saurare ni har na ƙare, sannan ta ce, "Ɗan nan, duk na ji. Ruwa fa?"

Randunan gidan duka na juye su na jiƙa zoɓo da tsamiya. Sai da aka tura yaro maƙwabta da bokiti.

Jiya uwargidan Mushe ta aiko a gaya mini an gode ƙwarai da ɗawainiyar bara, kuma bana an ɗaga ni zuwa sashen itacen girki.