Sifika Biyar a Kunne Guda

Samarin Rawayau sun shigo da sabon yayi, wannan karon kuma a kunne ya sauka. Ba irin farin iyafis ɗin nan mai araha ba ne, wanda ɓangare ɗaya ke mutuwa kafin sati ya zagayo, a ci gaba da lallaɓa ɗayan ana murza igiya. Na yanzu jikinsa garai-garai yake, kana hango kayan cikinsa, igiyarsa a tufke, ana zagayo da ita ta bayan kunne. Wanda ya maƙala shi har tafiyarsa sauyawa take yi. Ka tambaye shi mene ne wannan, ba zai ce maka sautinsa da daɗi ba. Lissafi zai buga maka: "Biyar-biyar ne, yaya. Sifika biyar a dama, biyar a hagu."

Ni dai Dutsin-Ma nake zargi. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a can a 2011, duk abin da ɗalibi ya rataya yau, jibi sai ka gan shi a Kurfi, gata ya iso Rawayau. Ɗaya ya gani a TikTok ya yi oda ta AliExpress, wani ya ba direba saƙo zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, shi ke nan gari ya ɗauka. Mu kuwa dama mutane ne masu son ƙirge. Lefe da yawan akwati muke auna shi, ɗaurin aure da yawan motoci, waya da yawan idanun da ke bayanta, ko da biyu daga cikin idanun nan ado ne kawai. Sinawa sun karance mu tsaf. Sun gane cewa ba sai sun sayar mana da sauti ba, lamba ta wadatar.

Asalin abin kuwa ba wasa ba ne. A 1995 wani injiniyan sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya haɗa wa makaɗin ganga Alex Van Halen abin kunne mai sifika biyu, saboda ƙarar dandali ta hana shi jin abokan kiɗansa. Daga nan aka samu kamfanin Ultimate Ears, manyan mawaƙa suka riƙa zuba ɗaruruwan daloli ana ƙera musu daidai da ramin kunnensu. Su kuma 'yan mitsi-mitsin sifikun da ake cusawa ciki, a na'urar taimaka wa masu raunin ji aka fi saninsu. Wato abin da aka yi domin kurma ya ji, shi yaranmu suka saya domin su kurmance. Da kamfanonin Sin irin su KZ suka shigo, sai farashi ya faɗo ƙasa warwas. Samfurinsu na ZS10 Pro, mai biyar a kowane kunne, babba ɗaya na bes da ƙanana huɗu, bai kai dala 50 ba.

Dabarar tara su ita ce a raba aiki. Wannan ya riƙe kauri, wancan ya riƙe muryar mawaƙi, wani ya ɗauki siririn sauti, sannan a sa ɗan abin da zai tsara wa kowa iyakarsa. In an tsara da kyau, lafiya lau. In ba a tsara ba, ka tara masu kalangu biyar ne babu sarkin kiɗa, kowa na dukan nasa, alhali marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika duniya. Tsarawar nan ita ke cin kuɗi da lokaci, kuma ita ce ba a iya rubuta ta da manyan lambobi a jikin kwali.

A farkon 2022 ma an yi ɗan abin kunya. Wasu masu bin ƙwaƙƙwafi suka farke wasu samfuran KZ, suka tsinke wayoyin ƙananan sifikun, suka sake aunawa, sai suka tarar sautin kusan bai motsa ba. A wasu ma gam ne ya toshe hanyar da sautin zai bi ya fito. Sifikun suna nan, ana ganinsu, ana ƙirga su, sun halarci taro sun sa hannu, aiki ne dai babu. A shekarar kuma aka fito da Moondrop Chu da 7Hz Zero, kowanne sifika ɗaya tal, kusan dala 20, masu auna sauti suka yi ta yabonsu. Na faɗa wa wani ƙanena haka, ya dube ni da tausayi ya ce, "To yaya, in na sayi mai ɗaya, mi zan ce wa mutane?" Ba ni da amsa, domin tambayar tasa ta fi bayanina gaskiya.

Dala 20 ɗin ma a baki take da sauƙi. Lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024, magana ake ta naira 30,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Mai biyar-biyar kuwa ya kusa zuba albashin wata guda a kunne. Sai ka tambayi abin da ake saurare da wannan dukiya.

A nan ne dariyar take. Waƙar Hamisu Breaker ce da aka yanko daga bidiyon da wani ya ɗora a WhatsApp, shi ma daga wani ya kwaso, an matse ta an sake matsewa har muryar ta koma kamar daga cikin rijiya, ga mai shagon tura waƙoƙi ya liƙa tallarsa a tsakiya. Ko kuwa Shata ne da aka ɗauka a kaset wajen wani biki tun kafin a haifi mai sauraron. Rabin abin da ke cikin memorin samarinmu tun lokacin da aka katse layukan waya ne a Satumbar 2021, sa'ad da Kurfi da Dutsin-Ma suka shiga cikin ƙananan hukumomi 13 da abin ya shafa, kowa ya koma wurin mai caji a loda masa. Iyafis mai kyau ba ya gyara mummunan ɗauka, tona masa asiri yake yi. Da, saurayi Shata kawai yake ji. Yanzu yana jin Shata, yana jin shuuu ɗin kaset, yana jin tarin wani bawan Allah da ya zauna kusa da rikoda, dukansu tar-tar.

Duk da haka in aka kawo shi majalisa, zagaye yake yi. "Ɗan ba ni in ji." A zare daga wannan kunne, a goga a gefen riga, a cusa a wancan. Kowa ya lumshe ido na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya yanke hukunci iri ɗaya: "Kai! Akwai bes." Ban taɓa jin wanda ya ce komai ban da wannan ba. Bes ɗin kuwa babbar sifika ɗaya ce ke yin sa, sauran huɗun da aka biya kuɗinsu ko gaisuwa ba a yi musu.

Amfaninsa na haƙiƙa a garinmu daban ne, kuma babu kamfanin da ya rubuta shi a kwali. Robar bakinsa tana toshe kunne ruf, saboda haka ya zama katangar tsira daga gaisuwa da aike da masu bin bashi. Dattijo ya yi sallama sau uku, yaro na kallon gabas yana kaɗa kai. Mai shayi ya ɗaga murya kan kuɗin jiya, a wuce shi da tafiyar mai nazari. Akwai wanda in ka bi igiyar tasa za ka tarar ƙarshenta a aljihu yake lilo, wayar tana can wurin caji tun safe. Wanda ba ya ba ni dariya shi ne ɗan acaɓan da ke toshe duka biyun a hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, mota na danna masa oda yana amshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, ta kuma ba da ma'auni: ƙarar desibel 80, awa 40 a mako. Toshewar nan ya kamata ta sa a rage ƙara, tunda hayaniyar waje ta ragu. Namu sai ya ƙure ta har na kusa da shi ya iya bin waƙar.

Ko ya cancanci saye? Ɗalibin da ke son bitar karatu a ɗakin kwana mai hayaniya, ko mai haɗa waƙa a situdiyo, ko mai sauraron tafsiri da dare ba ya son tada iyali, ya sayi mai sifika ɗaya na kirki. Ya duba wanda ake cire igiyarsa a sauya, domin igiya ce ke fara mutuwa, ya kuma gwada robobin nan da ke zuwa cikin kwali har ya dace da wadda ta zauna masa daidai. Canjin ya sayi data. Mai neman abin faɗa a majalisa kuwa ya sani akwai mai takwas-takwas, KZ ɗin dai ce ta yi shi, tseren ba shi da ranar ƙarewa.

Iyaye mata ne kaɗai suka gano bakin zaren. Sun daina ɓata murya daga madafa. Inna ta ɗauki 'yar Itel ɗinta ta danna lambar ɗan da ke kwance a zaure, waƙa ta tsaya cak, muryarta ta shiga tsakiyar kansa babu ko ƙura: "Ai na san kana jina. Tashi ka kai niƙa."