Kafin ka yi mata fomat, bincika wa ya riga wa tashi

Daga Mabera har Runjin Sambo, masu gyaran kwamfuta a Sakkwato suna da magani guda da suke ba kowace cuta, wato fomat. Ta yi nauyi, fomat. Ta ƙi buga takarda, fomat. Akwai wanda ko ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, sai ya share komai ya sake zuba Windows kafin ya tuna da buroshi. To ɗan'uwa, ajiye filashin nan tukuna. Cutar da za mu yi magana a kanta fomat ba ya taɓa ta.

Alamarta sananniya ce. Da safe an kunna kwamfuta, akawu ya rubuta kalmar sirrinsa daidai, harafi bayan harafi, ta ƙi shi. Ko kuma Wi-Fi ɗin da aka yi wata shida ana amfani da shi ya tashi yana tambayar kalmar sirri kamar yau aka haɗu. Sai kira ya zo: "Injiniya, wagga kwamfuta ta ƙiya!" Kafin ka tsallako daga Gawon Nama a kan kabukabu, an sake gwadawa ta buɗe. Aka zargi zafin Afrilu, aka zargi yaron ofis da canza kalmar sirri, wata Hajiya ma ta ce a yi tofi. Duk abin da ya ƙi a karon farko ya yarda bayan minti biyu ba tare da an taɓa komai ba, ka fara zargin jerin tashi.

Kwamfuta idan ta tashi, maigida ne da 'yan aike. Ɗaya aikinsa ya haɗa waya ko Wi-Fi, ɗaya ya karɓo adireshi, ɗaya ya saita agogo, ɗaya ya je wurin saba ya tambaya ko wannan mutumin namu ne. A tsohon tsarin Linux, maigidan ɗaya bayan ɗaya yake aikensu, bisa lambar da ke jikin sunan kowa, sai na farko ya dawo na biyu ya fita. Akwai jinkiri, amma kowa ya san layinsa. A 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd, wanda ke sakin yaran gaba ɗaya don a yi sauri, kuma zuwa 2015 Debian da Ubuntu duk sun koma kansa. Saurin abu ne mai kyau, ina sonsa. Illa dai yaron da aka aika wurin saba yakan isa bakin ƙofa tun ba a buɗe ta ba, ya juyo ya ce wa maigida ba kowa. Shi ke nan an kori akawu da kalmar sirrinsa ta gaskiya.

Ka fara da abin da ke wajen kwamfutar, don a garin nan rabin shari'ar a jikin soket take. An ɗauke wuta, an tada janareta, komai ya kama lokaci guda. Kwamfuta mai SSD ta kai fuskar shiga cikin sakan ashirin, rauta kuwa tana nan tana miƙa, fitilunta na ƙyaftawa ɗaya ɗaya, saba ma bai gama duba kansa ba. Idan suwic ɗinku babba ne irin na Cisco, akwai ƙarin jira. Tsarin hana zagayen waya da Radia Perlman ta ƙirƙira a 1985, a tsohon salonsa, yana riƙe kowace kafa sakan 30 kafin ya bar bayani ya wuce: 15 yana saurare, 15 yana koyo. A kafafun da kwamfutoci ke ciki, ka kunna PortFast, jiran ya tafi. Kada ka kunna shi a kafar da ta haɗa suwic da suwic. Sannan ka ɗora rauta da suwic da saba a kan inbata ko sola, su kwana a farke.

In ka gyara wannan cutar ba ta tafi ba, sai a shiga ciki. Kwamfuta tana rubuta duk abin da ya faru da ita, mu ne ba mu karantawa. A Linux, rubuta `journalctl -b -o short-monotonic`, za ta jero maka labarin wannan tashin, kowane layi da sakan ɗin da ya faru. Nemo layin da NetworkManager ya ce ya samu adireshi, ka nemo layin da sssd, yaron da ake aika wurin saba, ko fuskar shiga ta yi kukan ba ta ga saba ba. Idan kukan yana sakan na 6, adireshi ya zo a sakan na 19, an gama shari'a ba sai an kira shaidu ba. `systemd-analyze critical-chain` kuma zai nuna maka wa ya jira wa. Ka sha ruwa, ka karanta a hankali. Minti goma ne, fomat kuwa yini guda ne da fushin mai fayiloli.

Gyaran layi biyu ne, amma akwai tarko a ciki wanda ya kama manyan injiniyoyi. Ka rubuta `sudo systemctl edit` da sunan wanda ke riga kowa fita, ko sssd ne, ko fuskar shiga irin su gdm ko lightdm. A fayil ɗin da ya buɗe, ka sa kalmar Unit tsakanin baka biyu masu kusurwa, a ƙasanta ka rubuta `Wants=network-online.target`, a layi na gaba `After=network-online.target`. Dole su zo tare. After cewa yake idan za ku fita tare, ka bari ya riga ka. Bai ce a tashe shi ba. Wants shi ke tashe shi, amma bai ce a jira shi ba. Wanda ya sa ɗaya ya bar ɗaya zai yi murna ranar Litinin, a kira shi ranar Laraba. Tarkon kuwa shi ne `network.target`, mai kama da ɗan'uwansa. Wannan abin da yake nufi kawai an tada mai kula da netwok, ko ya samo adireshi ko bai samo ba. Mai kalmar online a tsakiya kake so, kuma shi ma ba ya aiki sai `NetworkManager-wait-online.service` yana kunne. Ka tuna ko shi ba ya jira har abada: idan ya tarar waya ba rai saboda suwic bai tashi ba, ɗan jim kaɗan zai ce an gama. Shi ya sa muka fara da soket.

Zuciya za ta raya maka ka saka `sleep 30` a wani wuri ka huta. Na roƙe ka kada ka yi. Ranar da rauta ta ɗauki sakan 31, ka koma gidan jiya, ranar da ta ɗauki biyar kuma, ka cinye wa mutane 25 a banza. Haka kuma kada ɗoki ya sa ka bi kowa da After. Idan Audu na jiran Bala, Bala na jiran Audu, systemd zai rubuta cewa ya ga zagaye, ya cire ɗayansu don ya warware, kuma ba lallai ya cire wanda kai za ka zaɓa ba.

Akwai wata da ta fi ba ni tausayi, don mai kwamfutar ba shi da laifi ko kaɗan. Wani lokaci kalmar sirrin Wi-Fi tana ajiye a ma'ajiyar mai amfani, GNOME Keyring ko KWallet na KDE, kuma ma'ajiyar ba ta buɗewa sai mutum ya shiga da kalmar sirrinsa. Shigar kuma tana buƙatar saba, saba na buƙatar Wi-Fi. Kowa na riƙe da rigar wani. Haka take faruwa ga wanda Oga ya ce a sa kwamfutarsa ta riƙa shiga da kanta don ya gaji da rubutu: ba a rubuta kalmar sirri ba, ma'ajiya ba ta buɗe ba, Wi-Fi ya tsaya yana tambaya. Buɗe `nm-connection-editor`, ka zaɓi a ajiye kalmar sirrin don dukan masu amfani, ka kuma yarda kowa ya iya haɗawa da wannan layin. Daga nan za ta koma `/etc/NetworkManager/system-connections`, inda netwok zai same ta tun kafin kowa ya zauna a kujera. Amma a can a fili take rubuce ga duk mai ikon sudo. Ta Wi-Fi ɗin ofis ta kowa da kowa ba damuwa. Ta kanka, wadda kake buɗe imel da ita, kada ka kai ta can. A fayil ɗin sssd kuma, `cache_credentials = true` zai bar wanda ya taɓa shiga ya sake shiga ko da saba bai amsa ba.

Sai agogo, wanda ba mai tunawa da shi. Yawancin kwamfutocin teburin da ke shigo mana 'yan gwanjo ne, HP da Dell da suka yi ritaya a ofisoshin Turai, da ɗan batirinsu CR2032 mai kamar kwabo wanda ya daɗe da gajiya. Da zarar an zare wuta, sai kwamfuta ta farka a wata shekara da ta wuce. Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka kuma shi ne ƙashin bayan shiga a Active Directory, ba ya yarda da bambancin agogo da ya wuce minti biyar. Takardun shaidar tsaro ma sai ta ga kamar lokacinsu bai yi ba. Canza batirin, kuɗinsa bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba. Idan kuma Windows da Linux na zaune a kwamfuta guda, Windows na ajiye agogon gida, Linux na ajiye na Girinwic, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya cif. Kowane ya tashi sai ya gyara wa ɗan'uwansa agogo ya ɓata. `timedatectl` zai nuna maka halin da ake ciki, sai ka sa su yarda da ɗaya.

'Yan Windows, ku ne mafi yawa a garin nan, kuma ba ku tsira ba. Tun zamanin XP, Windows kan nuna fuskar shiga ba tare da ta jira netwok ba, shi ya sa sabon ma'aikaci ke ganin saƙon cewa ba saban da zai karɓe shi. A cikin Group Policy, ƙarƙashin System sannan Logon, akwai umarnin Always wait for the network at computer startup and logon. Kunna shi. In kuma wayarku na neman shaidar 802.1X, leƙa `services.msc` ka mayar da Wired AutoConfig ya riƙa tashi da kansa, don a yadda ya zo sai an tashe shi da hannu.

Gwajin gaskiya ba ristat ba ne, domin a ristat rauta tana farke, komai zai yi kyau ya ruɗe ka. Kashe ɗakin gaba ɗaya daga babban makunni, ka jira, ka mayar, ka zauna ka shiga da asusun da bai taɓa shiga wannan kwamfutar ba. Masu cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015, da masu kula da ɗakunan kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko kwalejin Shehu Shagari, ku yi wannan mako guda kafin ɗalibai su cika ɗaki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka samu takarda da maka mai kauri, ka rubuta da Hausa: rauta da suwic da farko, saba na biyu, a jira fitilu su daina rawa, sannan kwamfutoci. Ka manna ta kusa da makunnin, daidai tsayin idon Baba mai gadi, don shi ke buɗe ofis da ƙarfe bakwai, ka kuma tsaya ka karanta masa ita sau ɗaya.